Ƙaryar da Na Rataya wa Madobiya

Ranar Talata

Zuwa ga angona na ƙarya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka masu ƙirga itatuwa kamar waɗanda suka rasa abin yi. Ni lafiya lau, sai gwiwar hagu da take gaishe ni kowace safiya kafin kowa ya gaishe ni. Kakarka ta gaskiya, wato ƙanwata, ta aiko cewa ka rame. Na ce mata ta bar mini mijina, in ya dawo ni zan yi kiwonsa.

Direban da ke kai muku kayan abinci ya ce duk bayan 'yan kwanaki yake shiga dajin, waya kuma ba ta kamawa a can, shi ya sa na ɗauko biro. Ka yi haƙuri da rubutun, aji uku na yi, na ukun ma rabinsa barci ne.

Yanzu ga maganar. Madobiyar bayan gida, wadda ke filin tsakanin katangata da ta tela, wadda ka zagaye da igiyar awo bara ka ce in sa mata ido, in 'ya'yanta sun nuna in tara maka iri. Bana ta yi fure rawaya har ƙudan zuma suka hana ni shanya. Furen ya zube, 'ya'ya sun fito da fukafukansu, amma kore shar suke.

Jiya da hantsi wata babbar mota ta tsaya a bakin layi, mutum uku suka sauko. Babbansu wani dogo ne mai farin takalmi, mai zarto ake ce masa. Ya rungumi itacen, hannuwansa ba su haɗu ba. Ya ƙwanƙwasa ta yana kara kunne kamar mai sayen kankana, ya sa adda ya ɓantari ɓawon ya shinshina. Sannan ya waiwayo ya ce, "Iya, wannan ta wace ce?" Na ce ta Allah ce. Ya yi murmushi ya ce to ai shi ma bawan Allah ne.

Ka san filin ba nawa ba ne, na unguwa ne. Ba ni da bakin hana kowa. Wata guda ke nan muna jin kukan injin yankan itace daga wajen tudu, kullum yana matsowa.

In tsinke 'ya'yan haka kore in ɓoye maka? Ka ba ni amsa da direban nan.

Matarka da ka bari ba cefane,
Kaka


Ranar Asabar

Zuwa ga amaryata tsohuwa,

Na sami takardarki, na gode Allah da lafiyarki. Ni ma lafiya, ramar kuma ta kewarki ce, ki faɗa wa ƙanwarki haka. Gwiwa a riƙa gasa ta da ruwan ɗumi.

Kaka, kada ki tsinki ko ɗaya. Koren ɗa ba ya tsirowa, ruɓewa yake yi a cikin buhu. Sai fiffiken ya bushe ya koma launin ƙasa, in kin murza ya yi ƙaras. Yadda kika kwatanta, da sauran sati biyar ko shida. In sun nuna, ki yanke fiffiken guda goma da almakashi, ki jiƙa su kwana ɗaya, ki naɗe a tsumma mai danshi. Mai rai zai nuna kansa cikin kwana goma.

Bari in gaya miki abin da ya sa na damu. Kwana goma sha tara muka yi muna tafiya a ƙasa. Aikinmu mu rubuta kowace madobiya da muka gani, don a san nawa suka rage. Littafina ya cika, amma da kututture. Waɗanda ke tsaye ƙanana ne, ko kuma makiyaya sun sassare rassan don dabbobi har ba sa samun yin fure. Babba mai ba da iri ko ɗaya ban gani ba. Madobiya tana cikin jerin itatuwan da ake tsoron ƙarewarsu, kuma taki ita ce uwa mafi girma da na taɓa aunawa. Shugabanmu ya ware fili a gidan renon itatuwa don irinta kaɗai.

Ki je ofishin gandun daji ki faɗa musu, doka ba ta yarda a sare ta haka kawai ba. Zan nemi takardar kariya da lambar ƙarfe da za a buga mata, amma sai mun fita daga daji. Kada ki yi faɗa da mutanen nan. Na ga abin da suka yi wa wani mai gadi a nan, ba na son rubuta shi.

Naki har kullum,
Ango


Ranar Laraba

Angona,

Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau, yau har gwiwar ta manta da ni. Takardarka ta iso, na karanta sau uku, wurin mai gadin nan kuma na tsallake a na biyu da na uku.

Na je ofishin. Kwaɗo ne a ƙofa, wani mai shara ya ce jami'in ya yi tafiya, bai san ranar dawowa ba. Na dawo na tarar da motar nan a layinmu, wannan karon da injin a kafaɗar ɗaya daga cikin leburori. Mai zarto ya ce dubawa kawai suka zo yi. Wa ke zuwa duba da mai a galan?

Ka ce kada in yi faɗa, ban yi ba. Abin da na iya na yi. Na jawo kujerata na zauna, na ce su sara, ni dai a bar ni in koma ciki tukuna, don na gani sau ɗaya ba na son ƙari. Leburan ya ce, "Me kika gani, Iya?" Ka san ni, in aka tambaye ni haka, bakina ba ya neman shawarata.

Na ce akwai wata mata a cikin itacen, doguwa, mai fararen kaya, gashinta har ƙasa. Na ce shekarar da aka haifi uwarka wani mai gatari ya sara sau ɗaya, jini ya fito, kafin la'asar hannunsa ya shanye. Na nuna musu wani tabo a jikinta, na ce ga wurin saran. Tabon nan kuwa na ƙusar da marigayi kakanku ya buga ne don rataye keke. Sai Allah ya taimake ni, wurin da mai zarto ya ɓantara ya tsatso da jan ruwan nan nata ya daskare, sak jini. Leburan ya sauke injin a hankali kamar mai ajiye jariri. Da na ga kasuwa ta buɗe sai na ƙara gishiri. Na ce kowace safiya matar tana ƙirga 'ya'yanta, in ta ga babu ɗaya, sai ta ɗauki na wani ta cike gurbin. Wannan don yaran layi na ƙara shi, su daina jifan 'ya'yan suna wasan fanka da su.

Leburori biyu suka hau mota ba sallama. Mai zarto ya daɗe yana kallona, ba dariya ba fushi, sannan ya ce, "Iya, labarinki ya yi kyau." Ban so yadda ya faɗe shi ba.

Matar tela tana jikin katanga da goyonta, ta ji komai. Na kanne mata ido, ban sani ba ko ta gani.

Ka ga amfanin auren tsohuwa.

Kaka


Ranar Jumma'a

Angona,

Ina fata kana lafiya. Ni jikina lafiya. Direba ya zo jiya hannu wofi, ya ce kun matsa can ciki bai same ku ba, ya bar takardata a sansani. Zan ba shi wannan ko da za ta kwana a hanya.

Na yi ɓarna. Jaririyar tela, 'yar wata bakwai, zazzaɓi ya kama ta kwana huɗu ke nan, ba ta kama nono. Aka bincika aka ga yayyenta sun cika gwangwani da koren 'ya'yan madobiya a ƙarƙashin gado. Uwar ta fito da gwangwanin tana kuka ta zube su a gindin itacen, tana roƙon a ƙirga a ga sun cika. Ina tsaye ina kallo. Na ce mata, 'yata, wasa nake yi, mu kai yarinya asibiti. Ta dube ni kamar ba ta san ni ba, ta shige gida ta sa sakata.

Yanzu ba mai bin hanyar bayan gida. Mai shayi ya ɗauke teburinsa daga inuwar ya koma cikin rana a bakin titi. Kuma a bencinsa mai zarto ke zama kullum, yana sayen shayi ga duk wanda ya zo, yana ba da labarina. Ya gyara shi ya fi nawa. A nasa, mutum uku suka mutu, kuma wai ni na binne su da hannuna.

Yana yawo da wata takarda ana dangwala hannu. Na tambayi mai unguwa, ya ce ƙa'ida ita ce ba a saran irin itacen nan, amma in mazauna wuri suka rubuta cewa hatsari ne gare su, shi yana iya ba da izini. A takardar ba a rubuta mata mai fararen kaya ba, an rubuta rassa na iya faɗo wa yara. Gida goma sha ɗaya sun dangwala.

Ni na ba shi wuƙar da hannuna. 'Ya'yan sun fara ja da baya daga kore, amma ba su kai ba, na murza ɗaya ya lanƙwashe kamar kunne. In yarinyar tela ta tafi, ba itacen kaɗai za su sare ba, ni ma ba ni da sauran zama a layin nan.

Ka ce wani abu.

Kaka


Ranar Lahadi

Amaryata gwanar labari,

Lafiya lau nake, ina fata ke ma haka. Yau muka dawo sansani na tarar da takardarki ta ranar Laraba. Na karanta wa abokan aikina, shugabanmu ya yi dariya har ya ƙware da ruwa. Ya ce shekara ashirin yana rubuta rahoto bai taɓa korar mota ɗaya ba, ke kin kora da kujera. Sun ce in tambaye ki ko matar tana da ƙanne, muna da itatuwa da yawa masu neman mai gadi.

Ki ci gaba da ƙara mata gashi da tsawo, kada ki bari labarin ya huce. Sati uku kawai muke nema. Direba na sauri, zai juya yanzu, ya ce akwai wata takardarki a jakarsa amma ta shige ƙarƙashin kaya, sai ya sauke.

Naki,
Ango


Ranar Alhamis

Kai yaro,

Ina lafiya, tunda haka ake fara takarda. Taka ta same ni ina dawowa daga taron unguwa. Na karanta wurin da shugabanku ya ƙware, na ce Allah ya ba shi lafiya, ni ma a ƙware nake. Na san ba ka ga takardata ta Jumma'a ba, amma da kana kusa da ka sha carbi a ƙeya.

An yi taron a ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar. Maza a kan benci, mata a tsaye daga baya, mai zarto a kujerar roba kamar shi ya kira mu. Na nemi izini na miƙe. Shekara saba'in da wani abu ban taɓa tsayawa gaban maza na ce ni maƙaryaciya ce ba, ranar na ce. Na ce babu mata, babu mai gatari, tabon na ƙusar keke ne. Na ce su biyo ni. Muka je gindin itacen, su daga nesa, na sa wuƙar girki na tsaga ɓawon, jan ruwan ya fito, na lakata na sa a baki. Ɗaci kamar me, amma na haɗiye ina murmushi.

Wata daga baya ta ce, "Ai ita ba za ta taɓa ta ba, sun saba." Tela kuwa, mutumin da ke gyara mini zip kyauta shekara goma, ya ce ba tare da ya ɗaga kai ba, "Iya, in wancan ƙarya ne, da me za mu gane wannan gaskiya ne?"

Na ce to a sare, amma a ba ni kwana goma sha biyu 'ya'yan su nuna. Na faɗa musu abin da ka rubuta, cewa daji ya zama kututture, wannan ce uwar da ta rage. Mai shayi ya ce shi ya tuna lokacin da irinta suka yi layi har bakin rafi. Sai mai unguwa ya yanke hukunci. Ya ce tunda na ce ba komai a ciki, in zauna a gindinta kullum daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, mutane su gani. In na cika kwana goma sha biyu, a sake zama. In na tashi, ko wani abu ya sami yarinyar, izini ya tabbata.

Yau kwana uku ina zaune. Tabarma, buta, da lema. Motar tana bakin layi, mai zarto ya kawo sababbin leburori daga wani gari, waɗanda ba su ji labari ba. Da rana tsaka sukan tayar da injin su bar shi yana kuka, wai gwaji. Jiya iska ta kaɗa wata farar leda ta maƙale a reshe, wallahi sai da na karanta duk abin da na haddace. Ni na ƙirƙiro ta, ga shi ina satar kallon sama.

Abu ɗaya na samu. Na roƙi surukar tela, tsohuwa ce irina, ta lallashe su suka kai yarinyar wurin mai ba da magani a bakin titi. Ba asibiti ba ne, amma ya fi gwangwani. Daga inda nake zaune ina jin numfashinta ta taga.

Rabin 'ya'yan sun fara yin ƙasa-ƙasa. Ka zo da ƙarfenka.

Kaka


Ranar Litinin

Kaka,

Ina fata wannan ta same ki lafiya. Ni lafiya. Na karanta takardunki biyu, ta Jumma'a da ta Alhamis, a tare, na ji kunyar abin da na rubuta miki. Ki yafe mini.

Shugabanmu ya sa hannu a takardar kariya, tana aljihuna da lambar ƙarfen. Motarmu ta karye a hanya, muna jiran a kawo ƙarfen gyara, shi ya sa na ba wani mai babur wannan. In ba a gyara ba zuwa jibi zan taho a ƙasa har titi.

Ki ji ni da kyau. In suka matso da injin, ki tashi. Na fi son in rasa irin duniya gaba ɗaya da a ce reshe ya taɓa ki. Yarinyar kuma a kai ta asibiti ko da uban bai so.

Jikanki


Ranar Talata ta sama

Jikana,

Ina gaisuwa. Ina lafiya, ba abin da ya taɓa ni, ka kwantar da hankalinka. Mai babur ya ce motarku ta sake tsayawa, ka kama hanyar ƙasa, yau ko gobe za ka fito titi. Na ba shi wannan ya tare ka, don ba na son ka ji a bakin wani.

A rana ta tara, da hantsi, na ji numfashin nan ya canza. Matar tela ta fito da gudu ba mayafi, yarinyar a hannu ta sanƙare, idanu sun juye. Mijin ya tafi kasuwa sayen zare. Mata sun cika ƙofa suna salati, ba wadda ta matso, kowa na kallon itacen. Ta rasa inda za ta nufa, sai ta nufo ni. Ni da ta yi sati biyu ba ta gaishe ni ba. Ta ce, "Iya, ki ce mata ta bar mini ita."

Na dubi motar, mai zarto ya riga ya miƙe tsaye. Na san abin da tashina yake nufi. Na karɓi yarinyar, jikinta kamar garwashi, na ce wa uwar ta ɗauko lemata ta biyo ni. Ban san gwiwar nan tana gudu ba sai ranar. Ba mu kai titi ba na ji injin ya tashi, wannan karon ba gwaji ba. Muna cikin tasi na ji ƙasa ta amsa.

Zazzaɓin sauro ne ya hau mata kai. Likita ta ce da mun ƙara awa biyu da sai dai haƙuri. Kwana uku muka yi a can, ina kan benci. Yanzu tana kama nono, har ta ja mini ɗan kunne.

Da na dawo, sun kwashe gangar jikin, sun bar rassa, su ba su da amfani gare su. Na shiga ɗaki ban leƙa ba. Da safe na buɗe ƙofa na ga buhu uku na farin yadi, sababbin ɗinki, an jingine a bango. Tela ne. Mai shayi ya ce wuni biyu telan ya yi a durƙushe cikin rassan yana murza 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, mai ƙaras ya jefa a buhu, mai lanƙwasa ya yar. Har yau bai ce mini komai ba, ni ma ban ce ba. Na dai aika masa da zanen da ba ya bukatar gyara.

Na yi yadda ka ce, amma ban jira buhunan ba. Tun a rana ta shida ina zaune iska ta yar mini da busassu goma a tabarma, na yanke, na jiƙa, na naɗe. Tun da na dawo, kullum sai in buɗe tsumman da tsoro in ga ba komai. Yau da safe uku sun fito da farin haƙori. Sun fi ni, ni biyu suka rage mini.

Ban san ko uku cikin goma abin kirki ne a wurinku ba. Ka zo ka faɗa mini, ka kwashi 'ya'yanka. Ƙarfen kuma ka riƙe shi, za ka sami wata.

In ka iso kada ka biyo ta bayan gida yadda ka saba. Ka zagayo ta ƙofar titi, zan bar ta a buɗe.

Kakarka